Neman shawara: ina son yin nutso a tekun Jidda, amma iyona bai taka kara ya karya ba

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata huɗu ina aiki a Jidda, kullum ina ganin Bahar Maliya amma ruwanta bai taɓa wuce gwiwata ba. Abokan aikina sun shirya zuwa Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, ranar Asabar bayan la'asar, za a yi nutson gwaji, wanda ake goya wa mutum tukunyar iska, mai koyarwa na riƙe da shi. Tun da suka nuna min bidiyon murjani da wasu 'yan kifaye masu ruwan lemo, abin ya ƙi fita raina. Sai dai rabona da iyo tun na kududdufi a Kano ina yaro, kunnena kuma yakan toshe ko a jirgi. Ga shi a daren Asabar ɗin, ƙarfe biyu, zan tashi zuwa gida hutu. In je ko in haƙura?

Abu Khalil, Yanbu:
Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin maganar iyo, wannan jirgin shi ne matsalar. Iskar da ke cikin tukunya irin wadda muke shaƙa ce, an dai matse ta, kuma mafi yawanta naitirojin ne. A ƙarƙashin ruwa jiki na tsotsar sa, sai an fito yake fita a hankali. In ka hau sama bai gama fita ba, yana iya yin kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar ka girgiza lemon kwalba ka buɗe. Ƙa'ida ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an maimaita. Kai daga la'asar zuwa biyun dare awa goma kake da ita, ko ƙasa da haka. Ko hawa Ɗa'if da mota ba na yi ranar da na shiga ruwa, don tudunta ya haura mita 1,800. Ka mai da shi Juma'a da safe, ko ka bari sai ka dawo.

Maman Ilham:
Yayana, ni ma'aikaciyar jinya ce. Za su ba ka takardar tambayoyin lafiya, don Allah kada ka cike ta da "a'a" don gudun kunyar abokai. Asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, duk a faɗa. Mu kuma da muka fito daga Arewa akwai maganar sikila. Mai SS ba ya nutso sam, mai AS ma ya fara ganin likita. Kunnen nan da kake cewa, ka je a duba maka shi. In kana mura ranar, ka zauna a gida.

Ɗan Takari:
Ni a Obhur ɗin na fara, kuma tsorona ya fi naka. Nutson gwaji ba ya wuce mita 12, mu ma a wajen mita shida muka tsaya. Ba a neman gwanin iyo a nan, sai in kana son takardar matakin farko ta PADI, ƙungiyar koyar da nutso, wadda ke ba ka damar kaiwa mita 18. Ita ce sai ka yi iyon mita 200, ka kuma zauna a saman ruwa minti goma.

Kunne kuwa tun a mita ɗaya ko biyu za ka ji kamar ana danna maka yatsa. Ka toshe hanci, ka hura a hankali har ka ji ɗan "ƙus". Ka riƙa yi tun kafin ya yi zafi. In ya ƙi, ka ɗan yi sama ka sake, kada ka matsa masa.

Abin da mai koyarwarmu ya fi nanatawa shi ne kada a riƙe numfashi ko da wasa. A mita goma nauyin da ke kanka ya ninka na waje, iskar da ka cika huhu da ita a can ninkawa za ta yi in ka taso ba ka fitar ba. Ka yi ta shaƙa kana fesarwa, ka taso a hankali.

Da kunnena ya daidaita na duba ƙasa, wallahi sai da na manta da tsoron. Wani kifi kore mai baki kamar na aku ya zo dab da tabarauna yana gatsar murjani, har ƙarar nake ji, ƙaras ƙaras. Subhanallah kawai nake yi a zuci.

Abu Khalil, Yanbu:
Na manta, kada ka taɓa komai. Murjani halitta ce mai rai, kuma akwai mai ƙuna kamar wuta. Akwai kifin da ke kwance tamkar dutse, ƙayarsa dafi ce. Sannan ɗaga babban yatsa a ruwa ma'anarsa "mu fita". In lafiya kake, ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Baban Hanifa:
Allah Ya saka muku da alheri. Na kira abokaina, sun yarda a ɗaga sai na dawo. A Kano zan je a duba min kunne da jinina, don ban taɓa gwajin sikila ba. Ɗan Takari, ina da gashin baki sosai, an ce ruwa na shiga tabarau ta nan. Sai na rage shi ne, ko akwai dabara?