Dannau: Ina Iyakar Abin da Likitoci Suka Gano?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum masana. Dannau da ake cewa aljani ne ke danne mutum cikin barci, shin likitoci sun gano abin da ke kawo shi, ko har yanzu ya gagare su? In sun gano, me ya sa kusan kowa ke cewa an hau masa ƙirji, ko ya ga wani baƙin abu tsaye a bakin ƙofa?

Likitan Barci: Wa'alaikumus salam Malam. Shanyewar jikin dai an san yadda take faruwa. Barci zagaye yake yi, kusan duk minti 90, kuma a cikin zagayen akwai matakin mafarki da ake kira REM, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Chicago a 1953. A wannan matakin, gindin ƙwaƙwalwa yana kulle tsokokin jiki da sinadarai biyu, GABA da glaisin, don kada mai mafarkin gudu ya tashi da gudu. Dannau shi ne hankali ya farka kullen bai saki ba. Idanu suna motsi, tantanin da ke ƙarƙashin huhu yana aiki, amma tsokokin haƙarƙari suna nan a kulle. Sai mutum ya nemi jan dogon numfashi ya kasa, shi ne nauyin nan da yake ji a ƙirji. Yawanci daƙiƙu ne zuwa minti ɗaya ko biyu, sai dai tsoro kan sa ya zama kamar awa guda. A 1992 masu bincike a Japan sun jawo wa mutane shi da gangan ta hanyar katse musu barci su mayar da su. Wani nazari na 2011 da ya haɗa bincike da dama ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na jama'a sun taɓa yi, ɗalibai kuwa kusan kashi 28.

Hajiya Mai Jinya: Dakta ya faɗi asali, ga abin yi. Idan ya zo, kada a yi kokawa da shi, don yunƙuri na ƙara nauyin ƙirji da firgici. A mai da hankali kan yatsan ƙafa ɗaya ko harshe har ya motsa, ana numfashi a hankali. Taɓawar wanda ke kusa ma takan warware shi. In ya saki, a tashi zaune sosai, a sha ruwa, don wanda ya juya ya ci gaba da barci sau da yawa yakan sake faɗawa. Kwanciya rigingine na kan gaba wajen jawo shi, don haka a kwanta a gefe, a tokare baya da matashi. Barcin mafarki ya fi yawa gab da asuba, shi ya sa masu aikin dare da masu komawa barci a gajiye suka fi kukan sa.

Amma ɗan'uwa a lura: in akwai gawayi ko janareta a ɗaki rufe, kuma mutane biyu ko uku suka tashi da ciwon kai da jiri, wannan ba dannau ba ne, gubar hayaƙi ce marar wari, tana kisa. A fita waje nan take, a tafi asibiti. Haka wanda barci ke kwashewa da rana tsaka, ko gwiwoyinsa su saki in ya yi dariya, sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Malamin Tsangaya: Sauran tambayar Malam fa, baƙin abin nan. A nan na'ura ke tsayawa. Wayoyin na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa da ake mannawa a kai suna nuna mutum rabi a farke rabi cikin mafarki, amma ba sa ɗauko abin da ya gani, sai abin da bakinsa ya faɗa bayan ya tashi. Mutanen Newfoundland a Kanada tsohuwar mayya suke gani, Japanawa na kiran abin kanashibari, Misirawa da yawa na cewa aljani ne. Da aka kwatanta Masar da Denmark, an samu Misirawa sun fi tsoron sa kuma ya fi yawan zo musu. Bayanin da likitoci ke bayarwa shi ne sashen tsoro na ƙwaƙwalwa a kunne yake, sai ya ƙera wa firgicin siffa daga abin da mutum ya taso yana ji. Bayani ne mai ma'ana, amma bai kai na shanyewar tsoka ƙarfin hujja ba.