Tallafin fassarar manhaja a Indiya, da rigimar "yare"

Ɗan Fagge: Jama'a, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Shekara 2 ina fassara wata buɗaɗɗiyar manhaja (irin wadda kowa ke da damar amfani da ita da gyara ta) zuwa Hausa, da datata, da tsakar dare, a kan tsohuwar kwamfutar da sai na ɗaure cajarta da kyauro. Ko sisi ba wanda ya ba ni. A Indiya kuwa, a shekarun 2000 cibiyar Sarai da ke Delhi ta riƙa ba matasa tallafin kuɗi su zauna su mayar da Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da makamantanta zuwa yarukansu. Mu sai "Allah ya saka".

Malam Na-Zazzau: "Yarukansu"? Ɗana, gyara bakinka. Hindi da ƙidayar 2011 ta ce mutum sama da miliyan 500 ke magana da shi ne yare? Harshe ake cewa. Tsarin mulkinsu ma harsuna 22 ya lissafa.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ni maganar kuɗi nake yi.

Gimbiyar Jos: A'a, tsaya. Malam, wato in masu magana ba su da yawa shi ne yare? Mu da kuke ce wa "'yan yare" a kasuwa, namu ba harshe ba ne kenan?

Malam Na-Zazzau: Ban ambaci kowa ba, 'yata.

Gimbiyar Jos: Ba sai ka ambata ba. In an bi ta yawa, Malayalam na jihar Kerala ma yare ne, mutum wajen miliyan 35 kacal. Amma 'yan Kerala tun 2001 suka kafa ƙungiyar manhaja ta Swathanthra Malayalam Computing, suka zana haruffansu masu sarƙewa da kansu, makarantun gwamnatin jihar kuma Linux suke amfani da ita. Ku masu "harshe" har yau a waya ƙasa da kasa duk ɗaya kuke rubutawa.

Bakatsine: Ni dai duk Indiyanci na sani. Shekara 20 ina kallon fim, ban ji bambanci ba.

Injiniya: Babu wani abu wai shi Indiyanci. Hindi kake ji, wani lokacin kuma Telugu ko Tamil ne aka yi wa fassara. Rubutunsu ma ba ɗaya ba ne.

Bakatsine: Kai da ba ka taɓa wuce Kwanar Dangora ba za ka koya min Indiya?

Basakkwace: Ko an kawo tallafin ma Kanawa za su cinye, su cika muna manhaja da Kananci.

Injiniya: "Muna"? Ka ga dalilin da ya sa ba a ba ku.

Ɗan Fagge: Don Allah akwai wanda ya san inda ake neman irin wannan tallafin?

Gimbiyar Jos: Ni dai Malam bai janye ba tukuna.

Admin: To, a tsaya nan. A taƙaice, Malam ya yi mana gyara mai amfani, kuma kusan kowa ya yarda harshe ne daidai. An kuma fahimci cewa in za a yi fassara, Hausar Kano za a bi. Wasu sun so su kawo ƙabilanci, mun yi musu uzuri. Ɗan Fagge kuma a rage ƙorafi. Na rufe zauren sai bayan Isha.