Mu raɗa wa wannan komin suna da Hausa

Salamu alaikum 'yan uwa masu lambu, daga Marwa har Garwa da Kusiri. Akwai irin komin nan da mutanen Ostireliya suka yaɗa, su suna ce masa wicking bed, masu faransanci kuma bac à réserve d'eau, to duka biyun bakin iyayenmu ba ya ɗauka, kuma su ne fa za su fi morarsa. Ana ɗaga shi da bulo ko rabin duro, a shimfiɗa leda mai kauri a ciki, a zuba tsakuwa ko yashi a ƙasa nan ne ruwa ke zama, a rufe da buhu, sannan ƙasa da taki kamar santimita 30 a sama, ita ke jan ruwan daga ƙasa zuwa saiwa, kar ta wuce haka sosai don ruwan ba ya iya hawa nesa. Tiyo ɗaya a tsaye na zuba ruwa, ƙofa ɗaya a gefe ta fitar da rara. Ruwan na indararo ne, milimita 1 a kan mita murabba'i 1 na kwano lita 1 ke nan, kwano mai mita murabba'i 30 ya samu ruwan milimita 20 ka tara lita 600 wallahi a dare guda. Me za mu kira shi?

Daga Garwa: Malam ni dai fangali mai shayar da kansa na gani, kowa zai gane.

Na ce: Yaya, sunan ya yi tsawo, kuma ba gaskiya ba ne ɗari bisa ɗari, a zafin Maris da Afrilu in ba ka cika tiyon ba salak ɗin mutuwa zai yi, kar sunan ya ruɗi mutane.

Daga Njamena: to sha-ta-ƙasa fa?

Na ce: Hajiya, wannan kam ya yi daɗin faɗa, sai dai bishiyar bakin mayo, wato kogi, ma ta ƙasa take sha. Ni komin lagwani nake so, yadda lagwani ke jan kananzir sama a fitila haka ƙasar ke jan ruwa zuwa saiwa, wanda ya ji sunan ya riga ya gane aikin.

Daga Kusiri: mun karɓa, komin lagwani. Amma a gaya wa mutane su bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano tukuna, duron tara ruwan kuma a rufe bakinsa da na tiyon saboda sauro.