Ƙashin cinyar Baba ya karye yana tashi daga sallaya, likita ya ce kansar jini ce

Autar Baba: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekarunsa 64. Kusan shekara guda yana kukan ciwon baya, muna saya masa diclofenac a kemis. Ranar wata Laraba ya idar da sallar Magariba, ya yunƙura zai miƙe, sai muka ji ƙas, cinya ta karye. Babu faɗuwa, babu komai. Kawunmu ya kira maɗori, aka yi sati biyar ƙashi bai kama ba. Da muka kai shi asibiti, hoto ya nuna ƙashin duk ramuka kamar gara ta ci. An zura masa ƙarfe a cikin ƙashin, an ɗebi ɓargo ta ƙugu, sakamako ya ce myeloma, wani nau'in kansar jini. Ni abin da ya ɗaure min kai, me ya haɗa ciwon jini da karaya? Kuma Kawu ya dage wai a cire ƙarfen, shi ke sa masa sanyi. A cire?

Nas Mai Dare: Wa'alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ai a cikin ɓargo ake ƙera jini, ciwon kuma can yake zaune. Ƙwayoyin da suka lalace suna zuga masu rushe ƙashi, suna danne masu gina shi, shi ya sa ramukan. Sinadarin kalsiyam da ya narke ya shiga jini, ga wani furotin da ke toshe ƙoda. Don haka diclofenac da ibuprofen ɗin nan ku ajiye su yau, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Ya yawaita shan ruwa, sai in likita ya ƙayyade masa. Ƙarfe kuwa kada wanda ya taɓa shi. Wannan ba karayar ɗan acaɓa ba ce da ƙashi zai warke ya riƙe kansa. Ƙarfen ne ke ɗauke da nauyin Baba.

Ɗan Tudun Wada: 'Yar uwa, haka muka yi fama da yayar babata. Ki lallaɓa Kawu, kada ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki tafi da shi ranar ganin likita ya ga hoton da idonsa.

Nas Mai Dare: Na manta: ki tambaya ko za a fara masa zoledronic acid, maganin ƙashi da ake sawa ta jijiya. A wani bincike na Birtaniya, Myeloma IX, da ya fito a 2010 kan mutum kusan 2,000, an gwada shi da wani maganin ƙashi na haɗiya, clodronate. Masu karɓar zoledronic acid sun fi samun raguwar karaya, har ma sun fi daɗewa a raye da kamar wata biyar da rabi. Amma sai an duba ƙoda, a kuma kai shi wurin likitan haƙori tukuna, don cire haƙori ana cikin maganin kan jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi.

Autar Baba: Na gode, Allah Ya saka. Yana da turmi ɗaya da ke girgiɗi tun azumi, ban taɓa kawo shi cikin lissafi ba. Ranar Litinin za mu koma, zan faɗa musu. Kawu ya ce zai bi mu, amma har yanzu man shafawar maɗorin yana aljihunsa.