Neman shawara: huluna biyar ba su kai kilo ɗaya ba, an caje ni kuɗin kilo uku

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ke nan ina sana'ar hula. Ina saro Zanna Bukar da Bama daga Maiduguri, wasu kuma ina ba matan unguwa ɗinki a nan Kano, in kai wanki, in sa ɗan tambarina, in tallata a Instagram. Makon jiya wani bawan Allah a Landan ya sayi guda biyar. Na ɗora su a sikeli, giram 600 suka yi har da leda. Don kada su lotse, na samo kwali mai faɗi, na jera su, na cusa takarda a tsakani. Da na je ofishin masu aika kaya sai ma'aikacin ya ɗauko tef ya auna kwalin, ya ce kuɗin kilo uku zan biya. Wallahi abin ya ƙona min rai, don na riga na faɗa wa mai kayan kuɗin aike a kan kilo ɗaya, cikon daga ribata ya fita. Cuta ce aka yi min ko haka tsarin yake? Kuma yaya kuke yi ku da kuka riga mu?

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ba a cuce ka ba, iska ka biya wa kuɗin jirgi. Masu aike ta sama nauyi biyu suke dubawa: na sikeli, da na gurbin da kaya zai ci a cikin jirgi, wanda ya fi yawa shi suke caja. DHL da FedEx da UPS duk lissafinsu na ƙasa da ƙasa ɗaya ne: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5000. In kwalinka 30 ne da 25 da 20, ka samu 15,000, ka raba, kilo 3 cif. Hula kuwa ita ce irin kayan da wannan lissafi ya fi bugawa, ba nauyi sai ciki fanko. Sannan ka sani ana cike awon ne zuwa rabin kilo na gaba, ko 1.1 ka samu, 1.5 za ka biya. Ka sayi tef ka riƙa yin lissafin a gida kafin ka yi wa kowa farashi.

Baban Yara (Maiduguri): Ɗana, mu nan da muke tura wa 'yan kasuwa da yawa, ninke su muke yi. Hular da ba a wanke ba ai laushi gare ta, ka kwantar da ita, ka ɗora wata a kai, biyar ba za su wuce kaurin littafi ba. A leda mai kauri ta aike, 30 da 20 da 5, ka ga ka dawo ƙasa da kilo ɗaya. Kwali ba dole ba ne.

Ɗan Kurmi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa. Ku 'yan kasuwa kuke tura wa, su kuwa suna da mai wankin hula a bakin layi. Mutumin Landan fa? Wa zai sa masa sitati, ya ɗora ta a kan itace, ya buge ta ta tsaya? Shi so yake ya buɗe ya sa ranar Juma'a. Wankakkiyar hula in ka ninke ta, sitatin ya karye, layin nan ba ya fita sai an sake wanki, kuma kai za a zaga, ba kamfanin jirgi ba. Abin da nake yi shi ne in zura su cikin juna kamar kwanuka. Dabarar tana cikin lamba: 22 ta shiga cikin 22 da rabi, ita kuma ta shiga 23. In duk lamba ɗaya ce ma suna shiga, sai dai a hankali, da 'yar takarda mai laushi a tsakani don zaren wata kada ya kama na wata, musamman masu zare mai sheƙi. Na sa an yanka min kwalaye 20 da 20 da 15, biyar suna zama daram. Lissafa ka gani, 1.2 ne, wato kilo ɗaya da rabi. Rabin nauyin da aka caje ka. Cikin ta ƙarshe kuma kada ka bar shi haka, nan nake sa katin shago da rasit, wani lokaci har da carbi in mai saye ya nema.

Hajiya a Landan: Ƙanena, ni daga ɓangaren masu karɓa zan yi magana. Ku riƙa gaya mana gaskiyar abin da zai biyo baya. Harajin VAT a nan kashi 20 ne, kuma ba abin da ke ɓata ciniki kamar kaya su iso a ce sai ka ƙara biya kafin a ba ka. Don Allah kada ka rubuta "kyauta" a takardar kwastan alhali sayarwa ka yi, ka sa ainihin farashi, ka bayyana cewa hular yadi ce ɗinkin hannu, lambar kwastan ɗinta 6505. In kana da masu saye a Amurka, ka sani tun 29 ga Agustan 2025 an janye rangwamen da ake yi wa kayan da ba su kai dala 800 ba, yanzu ko hula ɗaya ce ana iya cajin haraji.

Malamin Lissafi: Ƙari a kan na Hajiya: rabin kilon farko shi ya fi tsada, abin da ya biyo baya yana sauƙi. Shi ya sa aika hula ɗaya tal ba ya biyan kowa. Ka yi wa na waje farashin uku-uku ko biyar-biyar, ko su haɗu su uku a gari ɗaya a tura wa mutum guda. Gidan waya ma yana da tsarin ƙaramin ƙunshi har kilo 2, ya fi araha, sai dai jira. Kayan Sallah kada ka bi da su nan sai in tun farkon azumi ka tura.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna kwalin da ya rage min irin wancan, 30 da 25 da 20 ne kamar Malam ya gani da idonsa. Yanzu na gwada zura shida cikin juna, sun shiga, sai Bama ɗaya mai tsayi da ta leƙo. Yaya Ɗan Kurmi, ina zuwa kasuwa gobe bayan azahar in sha Allahu, ka haɗa ni da mai yanka maka kwalin nan, zan zo da hulunan a auna a kansu.