Shin ana ɗaukar matsakaicin pH kai tsaye?

Ɗalibin Noma:
Assalamu alaikum. Samfurin ƙasa 24 ne daga fuloti takwas, huɗu an zuba musu farar ƙasa, huɗu ba a zuba ba. Tsamin ya kama daga pH 4.6 zuwa 6.3. Tunda pH ma'aunin logaridim ne (raguwar maki ɗaya na nufin haidurojin ya ninka sau goma), a tara a raba kawai, ko sai an mayar da shi yawan haidurojin tukuna?

Mai Awon Ƙasa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hanyoyin biyu ba amsa ɗaya suke bayarwa ba. Ɗauki pH 4 da 6: in ka tara ka raba, 5 ne, in ka bi ta haidurojin ka dawo, 4.3 ne, domin samfuri mafi tsami yana danne sauran. Sai dai ƙasa ba ruwa zalla ba ce. Laka da ruɓaɓɓen ganye suna riƙe haidurojin suna sakinsa sannu a hankali, don haka cakuɗa ƙasa biyu ba ya bin wannan lissafin. Ga kwatanta fuloti, matsakaicin pH kai tsaye ya wadatar. Ka haɗa da adadin tsakiya, wato wanda ya faɗo tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, shi ta ko'ina ka bi samfuran tsakiyar ba sa sauyawa. Kada ka raba ma'aunin warwatsuwa (yadda sakamakon ya yi nesa da juna) da matsakaici ka fitar da kaso cikin ɗari. Sifilin pH ba sifili ne na haƙiƙa ba.

Malama Ƙididdiga:
Ni 24 ɗin ne ya tsaya mini a rai. Uku-uku daga fuloti guda ba maimaici ba ne, fulotin shi ne maimaici. Ka fitar da matsakaicin kowane fuloti, sannan ka yi gwajin t, wato gwajin ƙididdiga na kwatanta matsakaicin rukuni biyu, da huɗu da huɗu. In ka zuba 24 ɗin duka, kuskuren zai ƙanƙance a takarda, ka ga bambancin da babu shi.

Ɗalibin Noma:
Na gode, Malama. Amma rabi da ruwa aka auna, rabi da ruwan gishirin kalsiyam kulorayid (CaCl2).

Mai Awon Ƙasa:
To dakata da lissafi! CaCl2 mai ƙarfin 0.01 M (M ma'aunin yawan gishirin a ruwa ne) yakan ba da pH da ya gaza na ruwa da kusan rabin maki, gibin kuma yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ƙara 0.5 ba gyara ba ne. A shanya duka a inuwa, a tankaɗe da rariyar milimita 2, a jiƙa kashi 1 na ƙasa da 2.5 na ruwa, a motsa, a bari minti 30. A saita na'urar awon pH da ruwan saiti na pH 4 da na pH 7, kuma a yamutsa jerin samfuran kafin awo, kada zamewar na'ura ta faɗa kan rukuni ɗaya.