Tumatir a buhu: fure na zubewa, gindin 'ya'yan na yin baƙi

Uwargida: Assalamu alaikum. Ina da tumatir a buhuna a tsakar gida nan Kano, dashen ƙarshen Fabrairu. Ganye ya yi kore shar, amma fure sai ya bushe ya kakkaɓe, 'yan kaɗan da suka ɗaura kuma gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Wane magani zan fesa?

Mai Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kashe kuɗinki a kan feshi, wannan ba aikin ƙwaro ba ne. Zubewar furen zafi ne ya jawo ta. Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare ma bai huce ba, garin da ke cikin furen yakan lalace, sai ya faɗi bai ɗaura ba. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura a jihar Kano suke dashe daga Oktoba zuwa Disamba, don fure ya faɗo cikin hunturu. Naki kuwa ya shiga bazara. Abin yi yanzu, ki janye buhunan daga jikin bango, ki ɗora su a kan katako, domin daɓen siminti yana gasa saiwa. Su sha ranar safe, daga azahar zuwa la'asar a yi musu inuwa da zana. Da hantsi ki riƙa ɗan girgiza sandar da kika ɗaure su, yana taimaka wa furen ya ɗaura.

Inna Mai Zogale: 'Yata, baƙin gindin nan ban-ruwa ne bai daidaita ba. Sinadarin kalsiyam ta ruwa yake hawa zuwa 'ya'yan. In ƙasa ta bushe ƙayau yau, gobe kuma aka malala mata ruwa, ba ya kaiwa ƙarshen ɗan tumatirin, sai wurin ya mutu. A wannan zafin ki ba kowane buhu kamar lita 2 da sassafe, ki ƙara da yamma in kin tura yatsa kin ji ƙasa a bushe. A gindi za ki zuba, ban da kan ganye. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku. Waɗanda suka riga suka yi baƙi a tsinke su, ba sa warkewa. Masu cewa a barbaɗa ɓawon ƙwai, ba laifi, amma yakan yi watanni kafin ya ruɓe, ba zai ceci wannan zubin ba.

Malamin Gona: Gaskiya ne Inna, sai dai wannan kore shar ɗin ya sa ina zargin taki ya yi yawa. Hajiya, in kina zuba yuriya ko ɗanyen kashin kaji, ki dakata. Ganye suke turowa, kuma suna ƙara baƙin gindin. Cokalin shayi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 duk bayan mako 3 ya isa, a binne shi nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, sannan a ba da ruwa. Gindi ɗaya kawai a buhu, a huda ƙasan buhun wuri 6 zuwa 8. A dashe na gaba ki haɗa ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi kashi 1.

Ki kuma duba ganyen. In kin ga fararen tabo kamar an kankare cikinsa, da 'yar tsutsa a ciki, to sharon ce, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Ki tsinke ganyen ki ƙone, ki daka 'ya'yan darbejiya giram 50, ki jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ki tace, ki fesa da yamma duk mako.